Ƙarfin Murɗawa da Ƙarfin Doki: Abin da Ke Juya Tayar Mota

Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, direbobi da yawa suka sauya motocinsu suka koma aiki da iskar gas da aka matse, wato CNG, aka kuma fara ganin motoci da kekuna masu ƙafa uku na lantarki a wasu birane. Wannan sauyi ya farfaɗo da tsohuwar gardamar da ake yi a tasha da gareji. Wani zai ce motarsa ta rage ja tun ranar da aka ɗaura mata tukunyar gas, wani ya ce ya ga ƙaramar motar lantarki ta tsere wa babbar motar fetur a danja, wani kuma ya dage cewa injin dizal ya fi kowane inji ƙarfi ko da takarda ta nuna dawakinsa ba su kai na wata ƙaramar mota mai tsada ba. Yawancin masu wannan gardama abin da suka gani da idonsu suke faɗa, kuma gaskiya suke faɗa. Ruɗanin ya samo asali ne daga kalmar “ƙarfi”, wadda ake amfani da ita wajen nufin abubuwa mabambanta: ƙarfin da inji ke murɗa sandarsa da shi, yawan aikin da yake iya yi cikin daƙiƙa guda, da kuma ƙarfin da ke isa inda taya ta taɓa ƙasa.

Mene ne ƙarfin murɗawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin faci ya ga wannan ilimi a aikace. Idan notin taya ya ƙi kwancewa, mai faci ba ya neman wanda ya fi shi damtse, sai ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanar ya ƙara mata tsawo, ya danna da ƙarfin da ya danna a baya, noti ya saki. Ƙarfin hannunsa bai ƙaru ba, tazarar da ke tsakanin hannun da tsakiyar notin ce ta ƙaru. Ƙarfin murɗawa, wanda makanikai da littattafan mota ke kira tok, shi ne ƙarfin da aka danna sau tsawon wannan tazara, matuƙar dannawar ta gitta sandar ne ba ta bi tsawonta ba. Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Siraƙusa na tsibirin Sisili fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya riga ya fayyace wannan ƙa'ida ta sandar ɗagawa.

Ana auna ƙarfin turawa ko ja da ma'aunin niyuton, wanda aka sanya wa sunan Isaac Newton, kuma nauyin kilo 1 a doron ƙasa kimanin niyuton 9.8 ne. Ƙarfin murɗawa kuwa ana auna shi da niyuton-mita, wato haruffan Nm da ake gani a takardun mota. Wanda ya danna da niyuton 350 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30 ya samar da Nm 105, wanda kusan shi ne ɗaurin da notin tayar ƙaramar mota ke bukata. Akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan: ana iya samun ƙarfin murɗawa ba tare da komai ya motsa ba. Mutum na iya rataya a jikin sifana har gumi ya jiƙa shi, idan notin bai juya ba, a ilimin kimiyya bai yi wani aiki ba. Aiki yana samuwa ne sa'ad da murɗawa ta haɗu da juyi, kuma yawan aikin da ake yi cikin daƙiƙa shi ake aunawa da kilowat ko da ƙarfin doki. James Watt, injiniyan Sikotlan, shi ya yaɗa ma'aunin doki a ƙarni na 18 domin masu sayen injinan tururi su kwatanta su da dawakin da suke amfani da su, kuma doki ɗaya a wannan ma'auni kimanin wat 746 ne.

Daga fistan zuwa karanshaf

A cikin injin fetur, haɗin iska da mai yana shiga silinda, fistan, wato ƙarfen da ke kai-komo a cikinta, ya matse shi, fulogi ya kunna shi, zafin ƙonewar ya tura fistan ƙasa, sannan hayaƙi ya fita. Wannan tsari mai matakai huɗu shi ne wanda Nikolaus Otto ya tabbatar a Jamus a shekarar 1876, kuma a cikin matakan ɗaya tak ne ke ba da ƙarfi. Fistan sama da ƙasa kawai yake tafiya. Karanshaf, wato sandar injin da ke juyawa, shi ne ke mayar da wannan kai-komo ya zama juyi, domin wurin da sandar fistan ta kama shi ya karkace daga tsakiya, kamar yadda fedar keke ta nisanci tsakiyar da take zagayawa. Wannan karkacewa ita ce tsawon sifanar injin. Tun da turin yana zuwa ne bugu-bugu, sai aka ɗaura wani faifan ƙarfe mai nauyi a ƙarshen karanshaf domin ya riƙe juyin tsakanin bugu da bugu.

Ƙarfin murɗawar inji ba ya tsayawa a lamba ɗaya, yana sauyawa gwargwadon saurin juyinsa. Injin Corolla mai lita 1.8 na farkon shekarun 2000, wanda ya cika titunan ƙasar nan, yana ba da kimanin Nm 170 ne idan ya kai juyi 4,200 a minti, kuma yana kai ƙololuwar aikinsa, kimanin doki 130, a juyi 6,000. A ƙasa da juyi 1,000 abin da yake iya bayarwa kaɗan ne ƙwarai, a tsaye kuwa ba ya ba da komai. Dalilin da ya sa ke nan aka sanya kuloci tsakanin inji da giya, domin injin ya ci gaba da juyawa yayin da ake miƙa ƙarfinsa a hankali ga tayoyin da ke tsaye, kuma shi ya sa mota ke mutuwa a hannun ɗan koyo idan ya saki kuloci da gaggawa.

Aikin giya

Nm 170 bai fi abin da ƙaton mutum zai samar da doguwar sifana ba, to ta yaya yake tayar da mota mai nauyin fiye da tan ɗaya? Amsar tana cikin giya. Idan ƙaramin faifan ƙarfe mai haƙora 10 yana juya babba mai haƙora 30, sai ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya, amma murɗawar da babban ke fitarwa ta ninka sau uku. Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga babu, musaya take yi: a ba da sauri a karɓi murɗawa, ko a ba da murɗawa a karɓi sauri.

Mu ƙaddara giya ta ɗaya tana ninkawa sau 3.2, haƙoran ƙarshe da ke kusa da tayoyi kuma suna ninkawa sau 4, waɗanda lambobi ne da ake samun makamantansu a ƙananan motoci. Jimillar ninkin 12.8 ke nan, don haka Nm 170 ya zama kimanin Nm 2,170. Idan aka cire kusan kashi 10 cikin 100 da ke salwanta a gugar ƙarafa da mai, saura kimanin 1,950. A nan taya ta zama sifana ta juye: ana murɗa ta daga tsakiya, ƙarfin ya fita a bakinta, don haka sai a raba murɗawar da tazarar tsakiyar taya zuwa ƙasa, wato kimanin mita 0.31. Sakamakon ya kusa niyuton 6,300, amma a wannan giya motar ba ta wuce gudun kilomita 40 a awa ba duk da injin yana juyi 4,200. A giya ta biyar, inda jimillar ninkin ba ta fi 2.9 ba, wannan injin a wannan juyin kimanin niyuton 1,400 kawai yake kaiwa ƙasa, sai dai gudun ya haura kilomita 160. Inji ɗaya ne, juyi ɗaya ne, amma turin ya ragu fiye da sau huɗu. Direban da ke son wuce tirela ya sauko daga giya ta biyar zuwa ta uku wannan lissafin yake yi da hannunsa, ko bai taɓa rubuta shi a takarda ba.

Titi ne ke tura mota

Inji yana cikin mota, kuma babu abin da ke iya tura kansa daga ciki, kamar yadda fasinja ba zai matsar da mota ta hanyar tura kujerar gabansa ba. Dokar motsi ta uku da Newton ya wallafa a 1687 ta ce duk abin da ya tura wani, wancan ma yana tura shi da ƙarfi daidai ta kishiyar fuska. Taya tana tura titi baya, titi yana tura taya gaba, kuma wannan turin na titi shi ne kaɗai ke sa mota tafiya. Ɓangaren tayar da ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba, kuma muddin ba santsi ake yi ba, wannan ɓangare a tsaye yake cak a kan titi a daidai lokacin da ya taɓa shi, ko da motar tana gudun kilomita 100.

Riƙon da titi ke yi wa taya yana da iyaka, kuma iyakar ta dogara ne da nauyin da ke kan tayar da kuma yanayin wurin. A busasshiyar kwalta taya mai kyau tana samun riƙo na kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin da ke kanta, a jiƙaƙƙiyar kwalta yakan sauka zuwa wajen rabi, a taɓo kuma ya yi ƙasa da haka sosai. A ɗauki motar da nauyinta da direba ya kai kilo 1,200, wato kusan niyuton 11,800. Idan tayoyin gaba ne ke ja, kuma kashi 60 cikin 100 na nauyin yana kansu, abin da ke danne su kimanin niyuton 7,000 ne, iyakar riƙonsu a busasshen titi kuwa 5,600. Inji da giya ta ɗaya suna iya aiko da 6,300, wanda ya wuce iyakar, don haka ake jin ƙarar taya idan aka take totur da ƙarfi wajen tashi. Da damina iyakar na iya saukowa zuwa 3,500, kuma duk abin da aka ƙara a kai ba ya haifar da komai sai juyin banza da cin taya. Haka nan idan mota ta yunƙura gaba ko tana hawan tudu, nauyi yana komawa baya, abin da ke rage wa mai ja da tayoyin gaba riƙo, ya ƙara wa mai turawa da na baya. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan motocin ɗaukar kaya ke turawa da tayoyin baya, inda lodi ke danne su.

Akwai kuma na'urar da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, wadda ke ba tayar waje damar yin sauri fiye da ta ciki idan ana shan kwana. Irinta da ke yawancin motoci tana ba tayoyin biyu murɗawa daidai wa daida, kuma a nan rauninta yake: idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ta rasa riƙo, ɗayar da ke kan tsandauri ba za ta sami fiye da ɗan abin da mai santsin ta samu ba. Shi ya sa ake ganin taya ɗaya tana watsa laka ɗayar na tsaye, kuma shi ya sa cusa duwatsu ko itace ƙarƙashin mai juyin ya fi ƙara wuta amfani. A rairayi matsalar nutsewa ce, don haka direbobin hanyoyin hamada na yankin Agadas ke rage iskar tayoyi domin su shimfiɗu a kan yashi maimakon su haƙa shi.

Tok ko doki, wanne ya fi muhimmanci

Masu fifita ƙarfin murɗawa suna kafa hujja da tirela. Injinta na dizal yana ba da fiye da Nm 2,000 tun a juyi 1,000 zuwa 1,400, ya tayar da tan 40 daga tsaye, alhali dawakinsa ba su wuce 400 zuwa 500 ba, adadin da wasu ƙananan motocin alfarma ke kaiwa. Masu fifita doki kuma suna cewa tun da giya na iya ninka murɗawa yadda ake so, abin da ba a iya ninkawa shi ne aikin da injin ke yi cikin daƙiƙa, don haka shi ne ma'aunin gaskiya.

Lissafi ya nuna cewa abubuwan biyu a ɗaure suke da juna. Idan aka ninka Nm da juyin minti aka raba da 9,549, abin da ya fito shi ne kilowat. Nm 170 a juyi 4,200 ya ba da kimanin kilowat 75, wato doki 100. Nm 2,100 a juyi 1,200 ya ba da kilowat 264, wato doki 354. Ta fuskar iyakar gudu da saurin hawan dogon tudu, masu maganar doki ne ke da gaskiya, domin a kowane gudu turin da ke isa ƙasa bai wuce aikin injin a raba da gudun ba. Amma masu maganar tok suna nuni ne ga wani abu na zahiri da lambar doki ke ɓoyewa, wato a wane juyi ake samun ƙarfin. Injin da ke ba da aikinsa tun daga ƙasa ba ya bukatar a yi ta sauya giya ko a bar shi yana kururuwa, yana shan mai kaɗan, ƙarafansa kuma suna daɗewa saboda a hankali suke juyawa. Injin dizal yana da wannan hali ne saboda yana matse iska kusan sau 15 zuwa 20, fetur kuma wajen sau 10, tafiyar fistansa ta fi tsawo, kuma galibi yana da na'urar da ke cusa masa ƙarin iska. Lambar ƙololuwa ɗaya da ake bugawa a talla, ta tok ce ko ta doki, ba ta isa a yanke wa inji hukunci da ita ba sai an san juyin da take zuwa a kai da nauyin motar da zai ja.

Gas da lantarki

Ƙorafin masu CNG yana da tushe. Girman silinda bai sauya ba, kuma ƙarfin da ke fitowa ya dogara ne da yawan iskar da ta samu shiga domin ƙona mai. Fetur ruwa ne, tururinsa bai fi kashi 2 cikin 100 na haɗin ba, iskar gas kuwa tana cin kusan kashi 10 cikin 100 na wurin, ta rage wa iska mazauni. Saboda haka injin da aka ƙera domin fetur yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa idan aka mayar da shi gas, ga kuma nauyin tukunyar da aka ƙara a but. Ba a cika jin wannan ragi a shimfiɗaɗɗen titi ba, an fi jin sa a tudu, ko da cikakken lodi, ko wajen wuce mota. Idan ragin ya zarce haka sosai, akwai yiwuwar matsalar daga saiti ne ko fulogi. A ɗaya ɓangaren, gas yana jure matsi fiye da fetur, don haka injin da aka ƙera musamman dominsa yana iya maido da wani kaso na abin da aka rasa. Ƙarancin iska ne kuma ke sa mota marar na'urar cusa iska ta yi sanyi a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, domin inji yakan rasa kusan kashi 1 cikin 100 a duk hawan mita 100.

Injin lantarki halinsa daban ne, domin maganaɗisu ne ke juya shi, kuma yana iya ba da cikakkiyar murɗawarsa tun daga tsaye. Nissan Leaf mai batirin kilowat-awa 40 tana da Nm 320 da kilowat 110, kuma murɗawar tana nan daga lokacin da aka taɓa totur, ba kuloci, ba jiran juyi ya hau. Giya ɗaya ta ishe ta saboda injin yana iya juyi fiye da 10,000 a minti. Wanda ya ga ta tsere a danja bai yi kuskure ba, amma idan gudu ya yi nisa murɗawar tana raguwa, kuma motar fetur mai dawakai daidai da nata tana iya kamo ta. Dokar riƙon titi ma ba ta ɗaga mata ƙafa ba, kuma nauyin batir tare da saurin zuwan murɗawa suna sa tayoyinta saurin cinyewa.

Lodi, manyan tayoyi da burki

Mai motar da ya sanya tayoyin da suka fi na asali tsawo da kashi 10 cikin 100 ya tsawaita sifanar ne ta ɓangaren da ba ya amfanarsa, domin turin da ke isa ƙasa zai ragu da kusan kashi 9 a kowace giya, agogon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi. Lodi fiye da kima kuwa a tudu yake nuna kansa. Hawan da ke tashi mita 10 a kowace mita 100 yana jan mota mai kilo 1,200 baya da kimanin niyuton 1,170, kusan duk abin da giya ta biyar ke iya bayarwa, kuma idan aka ƙara kilo 600 na fasinja da buhuna, jan ya koma 1,750. Direba zai koma ƙaramar giya ya riƙa riƙe rabin kuloci, kuma duk ƙarfin da kulocin bai miƙa ba zafi yake zama ya ƙona farantinsa.

Burki ma ƙarfin murɗawa ne, sai dai yana adawa da juyin taya, kuma shi ma iyakarsa riƙon titi. Nisan tsayawa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa: motar da ke tsayawa cikin kimanin mita 14 daga gudun kilomita 50 a busasshen titi tana bukatar wajen mita 56 daga gudun 100, ban da mita 28 da take ci a daƙiƙa ɗayar da direba ke ɗauka kafin ya taka. Burki yana mayar da motsi zafi ne, don haka babbar motar da ke sauka doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da burki kaɗai tana iya dumama shi har ya daina kamawa. Sauka da ƙaramar giya yana juya lissafin ninki, tayoyi su riƙa juya injin da sauri, injin kuma ya riƙe motar. Sakin giya a gangara domin tsimin mai yana cire wannan riƙo gaba ɗaya, kuma a motocin zamani ba ya ma tsimin, domin kwamfutar injin tana yanke mai idan an ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya.

Notin taya ma yana da nasa adadin, kuma ga ƙananan motoci yawanci tsakanin Nm 100 ne zuwa 120. Mutum mai kilo 70 da ya hau kan bututu mai tsawon rabin mita yana ɗora wa noti fiye da Nm 340, ninki uku na abin da ake bukata, kuma hakan yana miƙar da ƙarfen da notin ke hawa, ya raunana shi, har wata rana ya karye a kan hanya. Littafin kowace mota yana ɗauke da adadin da ya dace da ita, kuma akwai sifana mai ma'auni da ke yin ƙara idan ɗauri ya kai wurin.